Rahoton Makarantar Yamma

4 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa ce daga wadda ba ka sani ba, ko da yake jininka ce. Ina fata kana lafiya, jiki da sauƙin shekaru. Mu nan lafiya lau, sai Inna da gwiwoyi suka matsa wa, yanzu a kan kujera take salla.

Bari in faɗa maka ko ni wace ce. Ni ce autar ’yar Mai Alli. An ce kakana Mai Alli da mahaifinka ’ya’yan wa da ƙani ne, kuma a gidansa ka sauka da ka fara zuwa garin nan. Sau ɗaya na taɓa ganinka, ranar da aka yi maka taron sallama daga aiki. Lokacin ban daɗe da fara aiki a ofishin rajista na Jami’ar Fasaha ba. Na tsaya a baya ina jin ɗalibai suna ihun “Baba Sifana! Baba Sifana!” amma na kasa zuwa in gaishe ka, don a gidanmu ba a ambaton sunanka, kuma ban taɓa sanin dalili ba.

A ofishin fansho na sami adireshinka. Sun ce kunnenka ba ya ɗaukar waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Wataƙila ka ji labari. Ranar ɗaya ga Oktoba za a haɗe Jami’ar Fasaha da babbar jami’ar da ke tsallaken gada. A takarda haɗewa ce, amma sunansu za a ɗauka, shugabansu zai zauna, mu kuma za mu koma tsangaya ɗaya a cikin tsangayoyinsu. An naɗa ni sakatariyar kwamitin haɗewar, an kuma ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihin jami’armu da za a raba ranar taron. Takardun da na samu duk na manya ne: wane ya buɗe gini, wane ya yanke ƙyalle. Duk wanda na tambaya yadda aka faro sai ya ce, “Nemi Baba Sifana, shi kaɗai ya rage.”

Don Allah, Kawu, ka rubuto mini abin da ka tuna. Inna ba ta san na rubuto maka ba.

’Yarka,
Auta

20 ga Maris

’Yata Auta,

Na amsa gaisuwa, na kuma gode. Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya. Ki ce mata ta rage hawa bene, ko da yake ba za ki iya ce mata daga wajena saƙon yake ba. Ni lafiyata ƙalau, sai idanu. Rubutu ina iyawa in na yi shi manya-manya kamar na allon talla, amma karatu sai maƙwabcina Tela ya karanta mini. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya: ko takardar gayyata ya karanta sai ka ɗauka sammaci ne daga kotu.

Na ji labarin haɗewar a rediyo. Ban ci abinci ba ranar.

Ga yadda aka faro. Ba jami’a ba ce, rumfa ce. Tsohuwar rumfar gyaran motocin ma’aikatar ayyuka, kwano a sama, ƙasa a ƙasa, ba ko siminti. Makarantar koyon sana’a ake ce mata. Shekararta huɗu da buɗewa na shiga, ina ɗan shekara goma sha shida. Mu talatin da ɗaya ne, malamai uku, injin sassaƙa ƙarfe biyu, ɗaya ma ba ya tashi sai an lallashe shi da ƙafa. In ana ruwa malami yakan daina magana, don ba mai jin sa saboda ƙarar kwano, sai ya nuna da hannu mu kwaikwaya. Har yau ina ganin darussan da muka koya a damina sun fi zama a kanmu.

Babban ɗakin injuna da kuke kira Maƙera, mu muka gina shi. Ba ɗan kwangila. Da safe karatu, bayan azahar ɗaukar bulo. Ƙarafan rufin nan mu muka yi musu walda, in kin ɗaga kai a kusurwar gabas za ki ga inda hannuna ya karkace, malam ya mare ni ya ce a bar shi haka ya zama darasi. Shekara shida bayan nan aka ce mun zama kwaleji. Muka samar wa asibitin gari gadaje, muka gyara injin ruwan unguwanni uku lokacin da kamfanin da ya kawo shi ya ce sai dai a sayi sabo. Daga baya aka ce jami’a. Aka zo da riguna masu faɗin hannu, aka ce ni ma in saka. Ranar farko hannun rigar ya kusa shiga inji, ban sake sa ta ba.

Ki rubuta sunayen malamai ukun nan na farko, ga su a bayan takarda. Babu ginin da ke ɗauke da sunan ko ɗaya.

In da sauran tambaya ki aiko.

Kawunki

3 ga Afrilu

Kawu,

Barka da war haka. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku, na kuma je Maƙera na ɗaga kai. Waldar tana nan a karkace, rufin kuma ko gezau. Inna da sauƙi, an canza mata magani. A gaida Tela.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba.

Saboda haɗewar, an ce a kwashe tsofaffin fayiloli daga siton da ke bayan ofishinmu. Kwana huɗu ina ciki, daga ni sai ƙura da kyankyasai. A ƙasan wata durowar ƙarfe na ci karo da fayil mai suna “Makarantar Yamma”. Ashe filin da aka gina ɗakin karatu da ofishin shugaba, a da wata makaranta ce ta leburori da makanikai da masu gadi, suna tashi daga aiki su zo su koyi karatu da lissafi da zanen inji. Ɗalibai ɗari biyu da goma sha huɗu. Shugabanta kakana, Mai Alli. Ni da na taso ina jin cewa mai kula da sito ne a jami’a!

Fayil ɗin ya nuna cewa da kwalejin ta so zama jami’a, filinta bai kai ba, ɗalibanta ma ba su kai ba, sai aka haɗe ta da makarantar yamma. An rubuta alkawari cewa azuzuwan yamma za su ci gaba. Bayan shekara biyu aka kafa kwamitin mutum uku ya duba su. Rahoton shafi ɗaya da rabi ne. Ya ce ɗaliban ba su da takardar shaidar da ta dace da jami’a, a rufe. Na farko da ya sa hannu magatakarda ne, na biyu wani farfesa. Na uku kai ne, Kawu.

Na tambayi Inna a kaikaice, na ce, “Inna, ashe Kaka makaranta gare shi?” Tana tsintar shinkafa ta ajiye tiren, ta ce, “Wa ya aike ki?” Ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da na tafi.

Na ga hannunka a takardar nan, kuma na san inda zan kai ta.

Auta

16 ga Afrilu

Auta,

Na amsa gaisuwa. Lafiya lau.

Tela ya karanta mini. Hannuna ne, ban musa ba. Ki kai ta inda kika ga dama, jarida ko rediyo, ba zan bi ki da roƙo ba. Abu ɗaya kawai: ki bar Mai Alli ya huta.

Kawunki

29 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida manya. Inna tana nan yadda take.

In bar shi ya huta? Wato in mayar da fayil ɗin durowa, in rubuta littafi mai daɗi game da rumfa da ruwan sama, a tafa, a watse? Mutumin da ya ba ka tabarma a ɗakinsa, ya zaunar da kai ya koya maka rubutu, aka ƙwace makarantarsa aka ba shi makullin sito yana ƙirga tsintsiya da bokiti har ya mutu. Ka cika mini shafi biyu da tarihi, ko sau ɗaya alƙalaminka bai taɓa sunansa ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa ba a ambatonka a gidanmu.

Ban nemi ka roƙe ni ba. Bayani na nema.

Auta

8 ga Yuli

Kawu,

Sallama da ban haƙuri. Sati goma ke nan ban ji daga gare ka ba, kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu na ofis har masinja ya fara yi mini dariya. Ina fata ba ciwo ba ne ya kwantar da kai. Inna ta yi zazzaɓi a watan jiya amma ta miƙe.

Nakan ajiye kwafin abin da na rubuta, ɗabi’ar aiki ce. Jiya na ɗauko wasiƙata ta uku ga Afrilu na karanta layin ƙarshe da ƙarfi, na kwaikwayi muryar Tela kamar yadda ka siffanta ta. Sai na ji layin ya fito kamar barazana. Kawu, wallahi ba jarida nake nufi ba. Wajenka nake nufi. Na yi niyyar in ɗauki hutu in kawo maka takardar da hannuna, in zauna a gabanka ka faɗa mini yadda aka yi. Na rubuta a gaggauce, raina a ɓace, ban duba yadda maganar za ta faɗi a kunnenka ba. Wasiƙar da ta biyo baya kuma ba tarbiyya a cikinta. Ka yafe mini.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Ka san sashen koyon sana’a da ke bayan Maƙera, inda masu walda da masu gyaran lantarki da masu gyaran firji ke zuwa kwas na wata shida. Babbar jami’a ba ta da irinsa, kuma ba ta so. Suna son ginin don su yi ɗakin taro. A yarjejeniyar haɗewa an rubuta cewa sashen zai ci gaba “matuƙar ana bukatarsa”. Shekaranjiya shugaban kwamiti ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce, “Auta, ke yarinya ce mai hankali. A rahoton nan, ki ƙirga masu rajistar digiri kawai. Waɗancan ai ba ɗalibai ba ne, baƙi ne.” In na ƙirga haka, sashen yana da mutum sifili. In na ƙirga gaskiya, ɗari uku da sittin ne. Ya ƙara da cewa ana neman mataimakin magatakarda a sabuwar jami’a, kuma sunana yana bakin mutane.

Na ce zan duba. Ranar ashirin ga Agusta za a miƙa rahoton, kuma sai da hannun sakatariya.

Da na fito daga ofishinsa kai na fara tunawa. Ban taɓa tambayar kaina shekararka nawa lokacin ba, ko wa ya rufe maka ƙofa.

’Yarka,
Auta

27 ga Yuli

’Yata Auta,

Na amsa gaisuwa, kuma babu abin yafewa. Alhamdu lillahi da mahaifiyarki ta miƙe. Ni an yi mini aikin ido a watan Mayu, na dama. Na yi sati shida da auduga a fuska. Wasiƙarki ta ƙarshen Afrilu ta zo kafin aikin, na sa ta ƙarƙashin katifa, don kunya ta hana ni bai wa Tela. Yanzu idon ya buɗe, na karanta duka biyun da kaina. Ta farkon ba ta faɗi ƙarya ba.

Da na ce ki bar Mai Alli ya huta, ba ɓoyewa nake nufi ba. Na ɗauka za ki kai jarida, a sa hotonsa, a ce ga wani bawan Allah abin tausayi da aka wulaƙanta. Shi kuwa mutum ne da ya tsani a tausaya masa. Ni a zage ni, na cancanta. Shi kada a mayar da shi abin jaje.

Ga yadda aka yi. Ba wanda na taɓa faɗa wa, har matata ta rasu ba ta sani ba.

Shekarata ashirin da takwas da aka haɗe makarantun, sai ki ƙara biyu lokacin rahoton. Ni ne ƙaramin malami a Maƙera. An sa ni a kwamitin ne don kowa ya san ni ɗan gidan Mai Alli ne. In hannuna yana kai, ba mai cewa an yi zalunci. Ban gane haka ba lokacin, na ɗauka girma aka ba ni. Mun je azuzuwan sau ɗaya tak. Na ga mai gadin ƙofar baya a gaban allo yana warware lissafin da ɗaliban shekarar farko na jami’a ke faɗuwa a kai. Farfesan bai ko zauna ba, yana ta duba agogo.

Ranar Talata da safe magatakarda ya kira ni. Rahoton a rubuce, hannu biyu a kai. Ya ce sunana yana cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu ƙasar waje. Bai ce in ban sa hannu ba za a cire ni ba. Ya dai miƙo mini biro. Na karɓa na sa. Ko minti biyar ban yi a ofishin ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na bayan la’asar. Na tafi wajen Mai Alli. Na same shi yana goge allo kafin ɗalibai su iso, allin ya yi masa fari har gwiwar hannu kamar kullum. Na ce, “Baba, sun kawo mini rahoto sun ce in sa hannu, na zo neman shawara.” Kin ji? Na zo neman shawara a kan abin da na riga na gama. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, “In ka ƙi, za su fasa?” Na ce a’a. Ya ce, “To je ka sa. Gara kana ciki. Wata rana ka buɗe wa mutanena ƙofa.” Ya juya ya ci gaba da goge allonsa.

Na fita da izinin da na sata. Na tafi karatu, na dawo bayan shekara biyu na same shi a sito. Kullum in zan wuce sai in zaga ta bayan ɗakin karatu don kada mu haɗu. Da ya kwanta ciwo na yi ta cewa gobe zan je. Ranar da na je, mahaifiyarki ta tare ni a ƙofa ta ce ya cika da safe, ta kuma ce kada in sake taka gidan. Ban sake ba.

Ƙofar da ya ce in buɗe, na buɗe ta rabi. Shekara ashirin ina barin Maƙera a buɗe ranar Asabar, makanikai suna shigowa ina koya musu ba da sanin ofis ba. Daga nan sashen koyon sana’ar nan ya samo asali. Kada ki ɗauka ina faɗa ne don a yaba. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu aka kora a wata guda, kuma da yawansu ba su sake riƙe biro ba.

Ba zan ce miki ki sa hannu ko kada ki sa ba. Wanda ya taɓa ba ni irin wannan shawara, da yaudara na karɓe ta, don haka bakina bai isa ba. Abin da zan iya faɗa miki shi ne, karatun da na je na yi shekara biyu ne, zaga bayan ɗakin karatu kuwa har na yi ritaya ban daina ba, alhali mutumin ya daɗe a ƙasa.

A littafin, ki rubuta makarantar yamma. Ki rubuta sunana a cikin ukun. Shi kuma ki rubuta shi a tsaye gaban allo, ba a sito ba.

In kin ga zai yiwu, ki karanta wa mahaifiyarki wannan. In ba zai yiwu ba, ki ƙona.

Kawunki

5 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da murnar buɗewar ido. Ka yi haƙuri da jinkirina, wannan karon ba fushi ba ne, aiki ne ya sha kaina. Inna lafiya, za ka ji labarinta a ƙasa.

Na rubuta ɗari uku da sittin. Na haɗa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, shafi tara, na manna a bayan rahoton don kada wani ya ce kuskuren bugu ne. Shugaban kwamiti ya duba ya ce, “Na ɗauka mun fahimci juna.” Na ce, “Ranka ya daɗe, na ƙirga sau uku, haka suka fito.” Ba zan yi maka ƙarya in ce ban yi kwana uku ina jujjuya maganar mataimakin magatakarda ba. Na yi. Har na zaɓi labulen ofishin a raina.

An bai wa wani muƙamin. Ni an mayar da ni kula da tsofaffin fayiloli, a siton nan mai kyankyasai. Sashen kuma ba a rufe shi ba, ba a kuma tabbatar da shi ba. An ba shi shekara uku, sannan a kafa kwamiti ya duba. Ka san ma’anar wannan fiye da ni. Amma shekara uku kwas shida ne, kuma zan kasance a nan ranar da kwamitin zai nemi fayil.

Littafin ya fito. Babin makarantar yamma na rubuta shafi shida, suka rage shi zuwa ɗaya, suka ce ranar murna ce. Sunan Kaka yana nan, naka ma yana nan, na malamai ukun farko ma sun tsira.

An yi taron ranar Laraba. An jera kujeru a filin gaban ɗakin karatu, manya suka yi jawabi, kowa ya ce ba a haɗiye kowa ba, aure ne aka ɗaura. Da aka zo sauke allon sunan jami’a daga bakin ƙofa, sai kusoshin suka ƙi fita, ma’aikatan da aka ɗauko suka yi ta fama har baƙi suka fara duba agogo. Ƙarshe sai ɗaliban sashen koyon sana’a aka kira suka kwance shi. Suka sauke shi a hankali su shida, suka ɗauka a kafaɗa zuwa Maƙera. Ba wanda ya ce a tashi, amma tsofaffin ma’aikata duk suka miƙe tsaye har aka wuce da shi. Na ga mai sharar ofishinmu tana share hawaye da bakin mayafi. Yanzu a bakin ƙofar akwai sabon allo mai haske, sunanmu yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Saura maganar Inna. Wata biyu wasiƙarka tana jakata. Jiya bayan azahar na same ta a tsakar gida, na ce, “Inna, zan karanta miki wani abu, in kin ce in daina zan daina.” Ta saurara har na kai inda ka je neman shawara bayan ka riga ka sa hannu. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “Dakata. Shi yana nufin har yau bai san Baba ya sani ba?”

Kawu, ya sani. Masinjan da ya kai rahoton wajen mai buga tafireta ɗalibin makarantar yamma ne. Ya iya karatu, Kaka ne ya koya masa. Tun kafin azahar ya zo gida da gudu ya faɗa masa hannu uku sun cika. Inna tana wajen, ita ta ba masinjan ruwa. Ta ce da ka zo da la’asar, Kaka ya san komai. Da ya dawo gida ta tambaye shi me ya sa bai tona maka asiri ba, ya ce, “Yaro ne, ya riga ya faɗi. In na ƙara danna shi ba zai tashi ba. Ki bar shi, zai zo da ƙafarsa ya faɗa mini.”

Inna ta ce ba sa hannun ne ya raba ku ba. Ta ce, “Shekara uku tsohon nan yana zaune a bakin sito yana kallon hanya. Har a gadon ciwo in aka yi sallama sai ya ce a duba ko shi ne. Bai zo ba. Wannan ne ban yafe ba.”

Na ninke takardar zan tashi, sai ta ce in ƙarasa mata. Na ƙarasa. Ta tambaye ni ko wane ido aka yi wa aiki, ko akwai mai yi maka girki. Sannan ta ce, “Ni gwiwa ba za ta kai ni ba. In shi tasa tana aiki, ya san hanya.”

Na rubuta maka kalma da kalma yadda ta faɗa, don kada a sake samun kuskuren karatu.

’Yarka,
Auta

14 ga Oktoba

’Yata Auta,

Na amsa gaisuwa. Jikina lafiya.

Kwana huɗu wasiƙarki tana gabana. Ashe lokacin da ya tsaya yana kallona, jira yake in faɗa. Kalma uku ce kawai, Auta, “Baba, na riga.” Da na faɗe ta a gaban allon nan, da ya zage ni ya huce, da na ci gaba da cin abinci a gidan.

Abin da kika yi da rahoton, ba ni da bakin yaba miki. Allah Ya yi miki albarka.

Na sayi tikitin motar safe ta ranar Alhamis, in Allah Ya yarda zan iso wajen ƙarfe biyu. Kada ki zo tarye ni a tasha, kuma kada ki bi da ni ta jami’a, ba allo na zo gani ba. Ki ce wa mahaifiyarki ba sai ta tashi ba, ba sai ta ce komai ba. Zan yi sallama in tsaya a ƙofa. In ta ce in shigo, zan shigo in faɗa mata da bakina abin da ban faɗa wa mahaifinta ba.

Kawunki